Kabarin Aro a Ƙasar Inabi

Zuwa ga ƙanena Umaru Sanda, ɗan Malam Bello mai jinena, wato lambu, wanda ke kwance a ƙasar Italiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, ni ce yayarka Dije, ungozomar garinmu na bakin kogin Bahar, kudu da Makwar. Da Hausar Inna nake rubuto maka, ba da Larabcin makaranta ba, don da ita na saba yi maka faɗa. Na san mutanen gari za su karanta, har da waɗanda ba za su ji daɗi ba. To, su karanta. Na gaji da yin magana ta bayan zana.

Yakubu ɗan Dinder, abokin tafiyarka, yana can har yanzu, furfura ta fara fito masa. Shi ya turo mini hotuna a waya cikin makon nan. Gonar da ka yi wa bauta an sayar da ita, sababbin masu ita sun mayar da gidan masaukin baƙi. Ga Turawa nan da manyan huluna, kowa riƙe da kofin gilashi mai dogon wuya, suna dariya a tsakanin layukan inabin da ka yi wa aski da hannunka. A ƙarƙashi akwai rubutu, Yakubu ya fassara mini: wai dalilan da za su sa mutum ya ziyarci yankin Bazilikata, wanda ko 'yan ƙasar ba kowa ya san shi ba. Wai akwai dutse, akwai baƙar ƙasa, akwai giyar da ake ajiyewa a kogon dutse, kuma ba cunkoson baƙi.

Wallahi sai da na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Ba su faɗi wani abu da ba ka riga ka faɗa mini ba, tun ba su san hanyar wurin ba.

Ka tuna shagon waya na Sennar? Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nake hawa mota, in je in zauna a benci ina jiran mai shago ya ɗaga kai ya ce, "Hajja, Italiya." Sai in shiga ɗan akurkin katakon nan in ja ƙofa, zufa na karyo mini, kai kuma kana can kana ba ni labarin sanyi. Ba ka taɓa ajiye waya ba sai ka ce, "Yaya, sai kin zo kin gani." Amsata kuma ba ta sauyawa: in zo in ga me? Uwar me aka ajiye mini a can?

Kai kuwa ba ka gajiya. Ka ce ƙasarsu baƙa ce kamar ta hawashar Baba, gonar audugarsa a Managil, in an yi ruwa tana kama takalmi, sai dai tasu tokar wani dutse ce da ya yi aman wuta tun kafin a san kakanninsu. Ka ce daga gindin dutsen ruwa ke ɓuɓɓugowa, in ka kurɓa yana cizon harshe. Na ce maka namu ruwan ba ya cizo sai in da kada a ciki. Ka ce burodinsu ɗaya ya isa gidanmu kwana uku. Na ce ka haɗiye abinka, kisira ta ishe mu.

Ka ce tsofaffin matansu suna zura jan barkono a zare su rataye a bango ya bushe, kamar yadda Inna ke shanya kuɓewa. Ka ce gaisuwarsu doguwa ce, sai an tambayi ƙafa da baya da 'ya'yan da ke nesa. Samarinsu duk sun gudu arewa neman aikin masana'anta, gidaje a kulle, sai tsofaffi a bakin ƙofa. Ka ce, "Yaya, garin nan garinmu ne, fata kawai aka sauya musu."

Wannan maganar ce ta fi yi mini zafi, ban dai gaya maka ba. Ka ratsa hamada, ka ratsa teku, ka je ka zauna da tsofaffin da wasu suka watsar, namu kuma suna nan a bakin ƙofa suna kallon hanya.

Ni na goya ka, Sanda, don haka ba wanda zai gaya mini halinka. Tun kana ƙarami hannunka na itace ne. Baba ya koya maka aurar da mangwaro sau ɗaya, yadda ake fere reshe a dasa shi a jikin wani gindi a ɗaure, kafin shekara ta zagayo har daga Dinder ake zuwa ɗaukarka. Da tur'a, magudanar ban ruwa, ta cika da laka, ruwa ya daina kaiwa hawasha, auduga ta bushe a tsaye, sai ka ce za ka Libiya shekara biyu ka dawo. Libiya ta zama teku, teku ta zama gonar tumatir. A can ne wani tsoho mai suna Donato ya ga yadda kake riƙe wuƙa, ya ɗauke ka ya hau da kai tudu, gonarsa ta inabi.

Kuskurenka ɗaya ne, bakinka bai iya rufa-rufa ba. 'Ya'yan mutane da ke waje in an tambaye su sai su ce, aikin gona muke, su ja bakinsu su yi shiru. Kai ka aiko wa Baba da gaskiya tsirara: inabi ne, kuma giya ake yi da shi. Ka ce in gaya masa, "Itace nake yi wa aski, ban taɓa kai ta bakina ba." Na gaya masa. Na san kuma ba ka taɓa ba.

Baffa Modi, ƙanen Baba, mai jan sallah a masallacin unguwa, shi ya ɗauki maganar ya kai zaure, daga zaure ya kai ta masallaci. Ya ce laifin giya ba ya tsayawa a kan mai sha, yana bin mai matsa da mai ɗauka har ya iso ga mai shuka. Ni ba malama ba ce, ban ce ƙarya ya yi ba. Abin da na sani shi ne, dawar da yake lodawa a mota yana kaiwa kasuwar Sennar bai taɓa bin ta ya ga tukunyar da take ƙarewa a ciki ba, kuma kowa ya san masu dafa giyar marisa na bayan gari ba yashi suke dafawa ba. Na kuma san waɗanda suka fi gyaɗa kai a masallaci su ne suka riƙa biyo ni ta ƙofar baya suna neman lambarka, ko za ka nuna wa 'ya'yansu hanya.

Ka aiko da injin ban ruwa, sabo fil, kore. Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce a kai shi ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, ba zai shiga jinena ba. A shekarar Bahar ta ja baya sosai, muna kallo itatuwan lemo suka bushe ɗaya bayan ɗaya, injin na zaune a inuwa kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Baba bai taɓa taka shagon waya ba. Inna kuwa ba ta isa ta je ba, sai dai in zan fita ta riƙe mini gefen mayafi ta ce a hankali, "Ki tambaye shi, shina cin abinci mai zafi?"

Na tambaye ka, ka yi dariya. Ka ce matar tsohon, Karmela, ba ta barin ka da yunwa ko kana so. Ka ce da ta gane ba ka cin alade, kuma ba ka son a ɗiga giya a miya kamar yadda suke yi, sai ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya ta ware maka, ba mai taɓa ta. Ba ta iya cewa Sanda ba, Sandro take kiranka. Na kawo wa Inna labari ta yi hamdala. Ni kuwa haushin matar na ji, ba zan ɓoye maka ba. Wata can da ban san fuskarta ba tana zuba wa ƙanena abinci, ni ina nan da kwanonka a kife.

Sai kakar da aka yi ta tsinkar inabi cikin ruwa. Ka taɓa gaya mini nasu inabin ba ya nuna da wuri, sai sanyi ya shigo. Ƙasar nan da ka yi ta yabo, mai kama takalmi, ita ta zame da tarakta a gangare, ta kife da kai. Lokacin wayar hannu ta shigo gari. Ina gidan haihuwa, na yanke cibi ke nan, na wanke hannu, na ɗauka na ji muryar Yakubu. Yaron da aka haifa a ranar yanzu ya kusa kamo ni tsawo, ba na son haɗuwa da shi a hanya, kuma ba laifinsa ba ne.

Yakubu ya ce a faɗa musu abin da za su yi. 'Yan'uwa ma'aikata sun yarda su haɗa hannu, tsoho Donato ya ce zai cika sauran, a sa ka a jirgi a dawo da kai. Maza suka taru a zaure, mu mata muna bayan zana. Baffa Modi ya yi gyaran murya. Ya ce kakanninmu da suka baro Sakkwato suka nufo gabas, duk wanda ya faɗi a hanya a nan ake rufe shi, ba a taɓa jin sun ɗauki gawa sun yi tafiya da ita ba. Ya ce ƙasar Allah ɗaya ce, kabari kuma kabari ne har ranar da za a busa ƙaho. Zaure ya amsa, haka ne, haka ne.

Na ɗaga murya na ce su dawo mini da ɗan'uwana. Aka ce, Dije, ki ji tsoron Allah. Abin da ba su faɗa ba na ji shi sarai: ba sa son jirgin da kuɗin inabi ya biya, kuma ba sa son ka a maƙabartarsu. Ko sallar da ake yi wa wanda ya mutu a nesa ba a yi maka ba, an ce mazhabarmu ba ta saba da ita ba. Aka yi zaman makoki, aka sha shayi da gahawar jabana, aka watse.

'Yan Maroko da 'yan Senegal ne suka wanke ka. Aka ba ka wani lungu a maƙabartar garin, Yakubu ya tsaya har aka juya fuskarka alƙibla. Ya ce daga can kudu maso gabas ake duba. Mu nan arewa maso gabas muke duba. Na gaya wa Inna, na ce kin ga, in kin yi sallah fuskarki da tasa suna haɗuwa a Makka. Da wannan maganar ta rayu har ta bi ka. Baba ya bi ta ba da daɗewa ba. Ana gobe zai cika ya ce a samo buhu a rufe injin nan kada ruwa ya dake shi, kuma iyakar abin da ya taɓa faɗa a kanka ke nan.

Duk cikinmu, Sanda, da malaman da jahilan, ba wanda ya yi tunanin ya tambaya kabarin na tsawon wane lokaci ne. Wa zai yi wannan tambaya? A wurinmu in an rufe mutum an rufe. Kabarin kakan Baba yana nan da fasasshiyar tukunya a kansa, ba a san shekarunsa ba, ko akuya aka gani a kai sai an kore ta. Muka auna ƙasar mutane da mudunmu muka kwanta.

Ashe su can ƙasa aro ake ba gawa. Shekara goma. In ta cika sai a liƙa sanarwa, dangi su zo, a buɗe, a tsince ƙasusuwa a zuba a ɗan akwatin kwano. Masu gata suna da gurbi a jikin bangon maƙabarta, sai a sa akwatin a ciki a liƙe da farin dutse mai suna. Wanda ba shi da kowa, akwai wani rami na gama-gari, a nan ake juye shi tare da duk wanda ya riga shi.

Ranar da Yakubu ya kira ya ce, "Yaya Dije, lokacin Sanda ya kusa cika," na ce wane lokaci kuma bayan wanda ya cika? Sai da ya maimaita mini bayanin sau uku. Na zauna a ƙasa daɓas. Ya ce da zarar sanyi ya wuce za a buɗe layinku. Ya ce in wani na jininka ya zo, ko ya aiko da takardar wakilci mai hatimi, za a ba da akwatin a kawo gida. Ya ce ba shi da girma, a cinya ma ana iya riƙe shi.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Kaico, Dije!

Zuwa da kaina na son fasfo, wakilci na son shaidar ko ni wace ce, duka biyun kuma na son takardar jinsiya, shaidar zama ɗan ƙasa. Ni da aka haifa a nan, aka haifi uwata a nan, ni da rabin garin nan a tafin hannuna suka faɗo duniya, ba ni da ita. Ban taɓa bukatarta ba, haihuwa ba ta tambayar takarda. Na je ofis, aka tambaye ni ƙabila, na ce Hausa, sai na ga an ajiye alƙalami. Aka ce in kawo babba daga ɓangaren uba, mai takarda, ya zo ya rantse cewa ni ta nan ce. Baba ya tafi. Wanda na sani ya rage mutum ɗaya ne, Baffa Modi, kuma yana da takardarsa tun shekarar da ya je Hajji.

Na je, Sanda. Da furfurata, na tuɓe takalmi a ƙofar zaurensa na durƙusa. Yana jan carbi bai ɗago ba. Ya ce tonon gawa haramun ne, ba zai sa hannunsa a ciki ba. Na ce Baffa, ko ka sa hannu ko ba ka sa ba tonewa za su yi. Ya ce to alhakin na wuyansu. Ya ce kuma mace ba ta tafiya ƙasar giya ba muharrami. Na ce na fasa tafiyar, wakilci kawai zan aika, ka zo ka ɗaga hannu ka ce ni 'yar ɗan'uwanka ce, shi ke nan. Ya ce, "Abin da aka binne an binne, Dije."

Na koma, na sake komawa. Na tura masa dattawa, na tura masa matarsa. Daga ƙarshe ya ce zai yi tunani. Ya yi ta tunani har sanyi ya wuce.

Ranar da za a buɗe ka ban fita ba. Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rakuba kusa da injinka, waya a cinyata. Na yi ta ƙoƙarin in yi maka addu'a, bakina ya ƙi, sai lissafin gaɓoɓinka nake. Yatsan nan naka na hagu da ka karya a kan mangwaro, da haƙorinka mai giɓi. Ina tunanin za a zube su a rami su gauraya da na mutanen da ko sunanka ba su iya faɗa ba.

Bayan azahar Yakubu ya kira. Kafin ya fara na ce faɗi kawai, na riga na mutu tun safe. Ya ce ba a kai ka ramin ba.

Ya ce suna tsaye, masu aiki sun gama tsincewa, sai ga Karmela ta shigo cikin baƙaƙen kaya, tana dogara sanda, jikarta na riƙe da ita. Tsoho Donato ya daɗe da mutuwa, yana cikin gurbinsu na bango, kuma kusa da shi akwai wurin da ta ajiye wa kanta tun suna da ƙarfi. Ta ce a nan za a sa ka. Aka ce mata ai ba danginta ba ne. Ta ce yaron da ya ci abincin hannunta shekara da shekaru, a ƙarƙashin rufinta, in ba danginta ba ne to na wane ne? Ta yi ta buga sanda a ƙasa har aka kawo takarda ta sa hannu.

Da aka ɗaga akwatin za a tura ciki, sai ta tsayar da su. Ta ce ba haka ba, a juya shi. Ta miƙa sandarta wajen wani tudu mai busasshen itace a kai, ta ce can kake duba. Kullum tana ganinka daga tagar ɗakin girki, ka shimfiɗa buhu a ƙarshen layin inabi kana sa goshi a ƙasa. Yakubu ya duba wayarsa ya ga alƙibla ce daidai. Ya karanta maka Fatiha da Ƙulhuwallahu, ita kuma ta yi irin tasu.

Ya tambaye ta, to ke fa, ina za a sa ki? Ta ce a sa ta a ƙasa kamar kowa. Ta ce, "Ni ina da masu tsince ni. Shi ba shi da su."

Kada ka zaci daɗi na ji. Kuka na yi irin wanda ban yi ba ranar mutuwarka, kuma rabinsa na kunya ne. Kana da masu tsince ka, Sanda! Gari guda gare ka, da baffa, da 'yan'uwa, da masallaci cike da mutanen da suka ci mangwaron da ka aurar. Amma ga ka a cikin akwatin kwano, a jikin bango, da gicciye a samanka, kusa da hoton wani tsoho mai hula. Ɗan Malam Bello! Matar da aka ce tukunyarta ma najasa ce ita ta ba ka makwancinta, masu alwala suka hana ka taku shida na ƙasa. Kai ma ina jin haushinka, kada ka ce na manta. Shekara biyu ka ce mini.

Washegari na shiga zauren Baffa ba sallamar neman izini, maza cike, na faɗa musu duka a tsaye. Ba wanda ya ɗago kai. Baffa ya ce, Allah Ya shirye ta. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, har ya kira 'ya'yansa ya nuna musu inda za su haƙa masa, kusa da Baba, gindin aduwa. Kowa ya san wurin na wane ne da an bi gaskiya. Amma wa ma zai tambaye ni?

Ka bar ni in faɗa wa masu leƙen wasiƙar nan kalma ɗaya, musamman iyayen da 'ya'yansu ke bayan teku suna cewa aikin gona muke. In Allah Ya kawo ƙaddara aka ce za a rufe muku ɗa a can, ku tambaya na shekara nawa ne. Mu ba mu tambaya ba.

Yanzu bari in gaya maka inda aka kwana. Na gano wani tsoho a Wad Madani, ɗan wan kakanmu, wanda rabonmu da shi tun bikina. Yana da takarda, kuma ya je ya ɗaga hannu ya rantse ba tare da ya tambaye ni aikin da kake yi ba. Maganar tana tafiya, tafiyar ofis, yau a ce gobe, gobe a ce bayan Salla. In jinsiya ta fito saura fasfo, in fasfo ya fito saura izinin shiga. Ɗana ya girma, zai raka ni, sai Baffa ya nemi wata hujjar.

Na kuma kira makanike daga Sennar ya kwance injinka ya wanke. Kwana biyu yana fama, a na uku ya yi tari ya tashi. Na sa an kai shi jinena da rana tsaka, ta gaban masallaci. Lemo dai ya tafi, amma babban mangwaron nan da ka aurar kafin ka tafi yana nan, ya sha ruwa ya yi sabon ganye. A gindinsa na zaɓa maka wuri. Ba zan sake durƙusa wa zaure ba, jinena tamu ce.

Sababbin masu gonar sun jera dalilansu, naka sun fi nasu daɗin ji, ni kuma nawa ɗaya ne. Wurin da kake kwance ba naka ba ne, na tsohuwa ne, kusa da mijinta. Aro ta ba mu, kuma gidanmu ba a san mu da riƙe kayan aro ba. Dole in iso tana da rai. Yakubu ya ce ba ta fita yanzu, a kujera take wuni kusa da taga. Duk sanda waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake, kada a ce an sa ta a ƙasa saboda mu.

Zan zo, ɗan Inna. Zan kawo mata garin kuɓewa da turaren wuta, in riƙe hannunta, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, amma mata biyu da suka ciyar da yaro ɗaya ba za su rasa abin faɗa ba. Zan ce ta nuna mini tukunyar. Zan kurɓi ruwan nan mai cizon harshe, in tsaya a ƙarshen layin inabi in dubi tudun. Daga nan in ce a buɗe bango a ba ni kai. Yakubu ya ce a cinya ake riƙewa, amma ni zane zan zo da shi. Ni na fara goya ka, ba wanda zai goyo ka zuwa gida sai ni.

Allah Ya jiƙan ka, Sanda, Ya yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, Ya karɓi sujadar da ka yi a kan buhu. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haɗa fuskokinku ba sai a Makka ba. Baffa Modi kuma, Allah Ya ba shi kabarin da ba mai tonewa, ya kwanta ya ji daɗin abin da ya hana ka. Ita kuwa Karmela, ya Allah, Kai Ka san abin da ta yi, ba sai na koya maKa sakayya ba. Roƙona ɗaya ne, Ka ja kwananta har in iso.

Ka ce sai na zo na gani. Ka ce wa tsohuwa ta jira ni.

Yayarka mai yi maka faɗa,
Dije